Soron da Aka Kai Injin Niƙa

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarama "ke" take ce mini. Da na fara koyarwa sai ta samu mafita, ta koma kirana Malama kamar kowa. A makarantar unguwarmu na yi karatu, a cikinta na koyar har na yi ritaya, kuma daga ƙofar gidanmu ana hango ta. Garin namu yana tsakanin Anka da Gummi, ba babba ba ne, amma makarantar ta riga duk na ƙauyukan da ke kewaye da mu. Tun zamanin En'e aka gina ta, shi ya sa har yau tsofaffi elemantare suke ce mata.

Tarihinta daga bakin Inna na ji shi, ba sau ɗaya ba. Filin garkar mahaifinta ce, inda yake shuka tattasai da yalo. Wata safiya hakimi ya aiko aka zagaye wurin aka kafa turaku, aka ce masa an ba shi wani fili a bayan gari. Filin da aka ba shi tsakuwa ce zalla. Kakana bai yafe ba har ya koma ga Allah, kuma bai yarda ɗansa ko ɗaya ya shiga makarantar ba. Amma aikin ginin bai isa ya hana ba, domin kowane gida an ɗora masa nasa. Maza su haƙo ƙasa su kwaɓa, 'yan mata su jido ruwa daga rafi, matan aure su yi daɓe. Inna tana cikin masu jidar ruwa. Takan ce gashin tsakiyar kanta a wannan aikin ya zube, bai sake fitowa da kyau ba.

"Ban taɓa zama cikinta ba ko da wuni guda," in ji ta, "amma duk tubalin da ad ciki, da ruwana anka kwaɓa shi."

A bayan filin aka haƙi ƙasar. Ramin da ya rage ya zama kududdufi, inda muka taso muna kama kwaɗi da damina.

Dogon soro ne guda, azuzuwa uku a jere, da ɗan ɗaki a ƙurya na hedimasta. Daga Gummi aka ɗauko maginin. Bangon yana da kauri sosai daga ƙasa, yana tafiya sama yana sirancewa, kamar mutum ya kafa ƙafafu ya tsaya. Ina aji ɗaya nakan hau taga in zauna a cikin kaurin bangon in tankwashe ƙafa, ba abin da ya leƙo waje. Tagogin kudu da arewa kawai suke, gabas da yamma ba ko ɗaya, saboda haka rana ba ta shigowa ta faɗa wa yaro a kan littafi. A kowane aji bakuna biyu ne suka taso daga bango suka gitta juna a tsakiya, kuma daidai inda suka haɗu maginin ya manna wani farantin tangaran mai shuɗin baki. Tsakanin bakunan an jera azara, itacen giginya da aka tsattsaga, gajeru gajeru, kamar saƙar tabarma. Duk yaron da karatu ya gundura, can yake ɗaga kai. Ni ma a nan na fara lura cewa abu yana iya yin kyau ba don a sayar da shi ba.

Daga waje an shafe shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake cuɗawa da ƙasa, sai ya yi duhun ja, ruwan sama ya zame a kansa. Kowace kusurwa da zankonta, ga indararo na giginya suna zubar da ruwa nesa da gindin bango. A gaba dogon dakali ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, inda masu tallan ƙosai da gyaɗa suke jiran a tashi tara.

Abin da ba zan iya bayyana wa wanda bai shiga ba shi ne sanyin ɗakunan. Da bazara, lokacin da ko akuya ba ta son taka ƙasa, kana sa ƙafa a cikin soron sai ka ji kamar an yaye maka bargo. Akwai ƙamshin ƙasa da alli da ba ya barin wurin.

Daga baya an ƙara gine-gine. Zamanin soja, da aka ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, an kafa wani jeren azuzuwa na bulo da kwano a gefen yamma. Iskar farkon damina ta kwashe rufinsa, aka mayar, ta sake kwashewa. Da siyasa ta dawo wani ɗan majalisa ya gina nasa a gefen kudu, ya shafe shi da fentin jam'iyyarsa. Kafin wa'adinsa ya ƙare simintin ƙasa ya farfashe, jemagu sun cika silin. Malamai kan yi ta rigima a farkon shekara kan wanda za a ba aji a soro. Ni da na daɗe, ba mai jayayya da ni, ajin tsakiya nawa ne.

Sai dai ginin ƙasa yana son hannu. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi masa yaɓe, an toshe inda ya tsage, an gyara bakin indararo. Ina yarinya gayya ake yi. Iyaye maza su taru ranar da ba kasuwa, mata su dama fura, kafin la'asar an gama. A hankali gayyar ta fara mutuwa. Mutane suka ce ai makarantar gwamnati ce, gwamnati ta gyara abinta. Gwamnati kuwa ba ta san yaɓe ba, kwangila ta sani. Duk da haka akwai 'yan tsofaffin da ba su fasa ba, har zuwan zinari.

Da zinari ya bayyana a dazukanmu, samarin garin suka watse. Wanda duk yake iya ɗaga diga ya tafi rami. Manyan yaran ajina ma suka fara raguwa, yau babu wannan, gobe babu wancan, sai ka gan su ran kasuwa a kan sabon babur. A shekarun ne aka yi ta binne ƙananan yara a Tungar Guru da Abare da sauran ƙauyuka, kafin likitocin waje su zo su ce gubar dalma ce daga ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje. Mun ga motoci suna wucewa da ƙasar da aka kankare daga tsakar gidajen mutane. Na zaci abin zai sa a ji tsoro. An ji, na ɗan lokaci. Aka fitar da injinan niƙa bayan gari, aka ci gaba.

Ƙanena, autan Inna, yana cikin waɗanda harkar zinarin ta karɓa. Ni na koya masa karatu da hannuna a ajin tsakiyar nan, lokacin ina sabuwar malama. Kabu-kabu yake yi da babur ɗin haya, sai ya fara sayen dutse, sai ya sayi injin niƙa, sai ya ƙara wani. Kafin mu farga ya je Makka, ya gina gidan bulo, an naɗa shi shugaban kwamitin iyayen yara na makarantar. Ba zan ce mugu ba ne. Shi ya sa wa Inna rufin kwano da fanka mai aiki da rana, kuma bai taɓa wuce ni a hanya bai tsaya ba.

Wata shekara da rani wasu baƙi suka zo da wani inji mai dogon hannu, wanda ake yawo da shi a kan ƙasa, in ya ji ƙarfe ya yi ƙara. Suka shiga kududdufin bayan makaranta, lokacin ya ƙafe, injin ya yi ƙara. Abin da suka samu ban gani ba. Wasu sun ce kamar ƙwayar gero, wasu sun ce kamar wake. Kafin mako ya zagayo kududdufin ya koma ramuka, muna cikin aji muna jin diga. Daga nan wani ya tuna cewa ai ƙasar soron daga nan aka ɗebe ta, kuma ta sama ce, wadda ba a taɓa wankewa ba.

Wata safiya na zagaya bayan soron don in kori awaki, sai na ga an ƙwaƙule gindin bangon, rami kamar bakin tanderu. Na kira hedimasta. Mutum ne mai haƙuri, saura kaɗan ya yi ritaya, ba ya son abin da zai kai shi ofis. Ya tsuguna ya leƙa.

"Malama, sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga," ya ce. "Shekara nawa rabon da a yi mai yaɓe?"

Muka sa aka toshe. Bayan 'yan kwanaki aka buɗe wani a gaba. Muka toshe, aka sake buɗewa. Da ruwan farko ya sauka, ya samu hanya ta ramukan, sai wata tsaga ta taso daga ƙasa har kusa da taga a ajin gabas.

Aka kira taron iyaye a ƙarƙashin dogon yaron tsakar makaranta. Maza a kan benci, mu mata malamai a gefe kan tabarma. Ƙanena ya tashi cikin farar shadda. Ya ce ginin ya tsufa, ran da ya faɗa wa yara wa zai ɗauki alhaki? Ya ce duk garuruwa sun ci gaba, mu kaɗai muke karantar da yara a ɗakin laka kamar rumbu. Ya ce shi da abokan sana'arsa sun ɗauki nauyi, za su rushe shi su kwashe ƙasar ba tare da an biya su ba, su gina sabo na bulo mai tagogin ƙarfe. Aka yi ta kabbara.

Ban saba magana a taron maza ba, amma na miƙe. Na ce tsaga ɗaya ce, kuma mun san abin da ya kawo ta. Na ce a ba mu magini da mutum goma, a sa mai gadi, soron zai kai jikokinmu. Na ce in sabon gini ake so, ga fili nan a gefen arewa, a gina, a bar wannan.

"Yaya," in ji ƙanena, yana murmushi, "mun san kina son ajinki. Amma wanga zance na lahiyar yara na."

"Lahiyar yara, ko ƙasar bangon?"

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Wani dattijo ya ce, "Malama, a yi haƙuri, a zamna." Na duba hedimasta, ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Yawancin mazan da ke kan bencin nan a soron suka koyi rubuta sunansu, da yawansu a hannuna. Ba wanda ya buɗe baki. Ko dai ɗansa yana aiki a injin ƙanena, ko yana fatan ya samu.

Bayan kwana kaɗan wani jami'i ya zo duba ginin. Bai shiga ba. Daga inda motarsa ta tsaya ya hango tsagar, ya ce lallai akwai haɗari, ya tafi cin abinci gidan ƙanena.

Da yamma ƙanena ya shigo gaida Inna, ya same ni ina tankaɗe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya juyo gare ni.

"Yaya, kin kunyata ni cikin mutane."

"Kai ka kunyata kanka."

Inna tana kan tabarma tana jan carbi. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin. Ta ce, "Auta, gaskiya ta soron elemantare za ku kayar?"

"Inna, sabo za mu yi. Wanda ya hi shi."

"To," ta ce. "Ubana anka ƙwace ma garka don a yi shi. Yanzu ɗana ka kashe shi. Allah shi kyauta."

Ya ajiye ledar lemu ya fita.

Aka bari sai da damina ta wuce, aka ba da hutu. Tsagar nan ba ta ƙaru ko da ɗan yatsa ba duk ruwan da aka yi, amma ba wanda ya sake zuwa dubawa. Suka fara da diga. Sun zaci aikin yini biyu ne. Digar tana sauka tana tsalle, sai ɗan gari ya zubo. Suka cire azarar rufi, suka zuba ido bakunan su faɗi, bakunan suka tsaya a sarari ba rufi, ana hango sama ta tsakaninsu. Daga ƙarshe sai da aka ɗauko katafila daga wajen masu aikin hanya.

Ranar da katafilar ta zo Inna ta ce in kai ta. Na ce ƙura za ta dame ta, ta ce in kai ta. Na riƙe hannunta muka tsallaka, na shimfiɗa mata ɗankwalina a gindin dogon yaro. Ba ta gani sosai, sai dai ta ji. Duk lokacin da wani sashe ya faɗi, ƙasa takan girgiza, sai ta ce, "Wane na wanga?" In ce ofishin hedimasta ne. In ce ajin gabas ne. Da aka zo nawa ban iya faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na ga farantin tsakiya ya rabu da bakan ya faɗo, ƙura ta rufe shi. Yara suka ruga neman gutsattsarinsa, aka kore su.

Muna nan zaune tifa ta fara lodi. Inna ta ce, "Ina za su kai ta?"

"Injin niƙa, Inna. Daga nan rahi, su wanke."

Ta yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. "Daga rahin nan munka ɗauko ruwan. Tashi mu tahi gida, Malama, ƙahwata ta yi sanyi."

Azarar ba ta ruɓe ba ko ɗaya. Na gan ta daga baya an yi rumfar masu gadi da ita a wurin injinan ƙanena.

An niƙa soron, an wanke. Abin da aka samu, in ji yaran da suka yi aikin, bai kai a yi zancensa ba. Ƙanena bai taɓa gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. An haƙa harsashin sabon ginin, an jera bulo har daidai taga. Sai aka ce siminti ya yi tsada, a jira bayan salla. Bayan salla kuwa daji ya fara ɓaci. Aka fara tare hanya, ana kwashe shanu, ana ɗaukar mutane daga gonakinsu. Masu hannu da shuni su ne farkon barin gari. Ƙanena ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau, ya sa 'ya'yansa a makarantar kuɗi mai bas.

Mu da muka rage muka cusa yaran azuzuwa uku a cikin ginin soja da na ɗan majalisa. Da bazara kwano yana ƙara don zafi, yara suna gyangyaɗi, wasu jini yana zuba daga hancinsu. Ba a daɗe ba wannan ma ya fi ƙarfinmu, domin mutanen ƙauyukan wajen Gwashi sun fara shigowa da kaya a kai, Hausawa da Fulani duka, kowa da labarin da ba ya son bayarwa. Ba inda za a sauke su sai makaranta. Ban ga laifinsu ba. Na ga mace ta haihu a ajin kudu da tsakar rana, ana yi mata fifita da murfin kwali, jaririn ya yi ja kamar garwashi. Mu kuma muka koma ƙarƙashin itace da allo jingine a jikin kujera. In hadari ya taso a tashi yara. A haka na ƙarasa shekarun aikina.

Inna ta rasu ana gab da ƙarewar waɗannan shekarun. Ƙanena ya zo da rakiyar 'yan banga, ya yi kwana uku. Ranar da zai koma ya same ni a ɗakinta ina naɗe kayanta. Ya rame, furfura ta fito masa. Ya zauna a bakin gado.

"Yaya, in abubuwa sunka lafa zan ƙarasa ginin nan. Wallahi yana raina."

Na ce, "Allah shi ba ka iko."

Ya jira in ƙara wani abu. Na ci gaba da naɗi. Ina son ƙanena, har yau in ya kira ina ɗauka, muna gaisawa, ina tambayar yaransa. Amma ban sake taka gidansa ba, kuma ya san dalili.

Bara waccan wasu tsofaffin ɗaliban makarantar, waɗanda suka zama manya a Gusau da Kaduna da Abuja, suka kafa ƙungiya a waya. Ɗaya daga cikinsu, wanda na koyar, ya kira ni da ladabi. Ya ce suna shirin taro, za su buga kalanda, suna son hoton tsohon soron su sa a gaba, ko ina da shi? Na ce zan duba. Na bincika akwatina, na aika gidan hedimasta, na tambayi iyalan malaman da suka rasu. Akwai hotunan yara a jere, akwai na malamai a kan kujeru, amma duka a gaban ginin bulo aka ɗauke su, domin mai hoto yakan ce can ya fi haske, kuma ya fi kama da makaranta. Na kira shi na ce babu. Ya ce ba komai, Malama, za su nemi wani mai kama da shi a intanet.